Likita, Ƙwaurina Na Zogi Tun Da Na Fara Gudu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 34. Wata biyu ke nan da na fara gudun safe don rage tumbi. Da farko kilomita 2 nake yi sau uku a mako, da na ji numfashina ya daidaita sai na koma kilomita 6 kullum a kan kwalta. Yanzu ƙwaurina duka biyu suna zogi ta gefen ciki, ko saukowa daga bene sai na dafa bango. Abokina ya ce in daure, ciwon zai bi gumi ya fita. Haka ne?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa'alaikumussalam, Malam. Abokin naka alheri yake nufinka da shi, amma shawararsa ka jingine ta.

Mu yi lissafi tukuna. Daga kilomita 6 a mako ka haura zuwa 42, ninki bakwai ke nan, kusan tsawon gudun fanfalaki guda kowane mako. Zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin 'yan makonni, shi kuwa ƙashi sai ya ɗauki watanni. Numfashinka ya ce ka ƙara, ka biye masa, sangalin ƙafa ya kwashi kashinsa a hannu. Kowane taku yana girgiza ƙashin, tsokoki na jan tantanin da ya lulluɓe shi, babu ranar hutu da zai gyara kansa.

Kafin magani, zauna ka bi gefen ƙashin da yatsa daga idon sawu zuwa sama. In ciwon ya bazu ya kai faɗin yatsu uku ko fiye, wato santimita 5 zuwa sama, wannan ciwon ƙwaurin 'yan gudu ne da aka sani. In kuwa wuri ɗaya ne tak da kan yatsa zai rufe, yana tashinka da dare, ko ka kasa yin tsalle da ƙafa ɗaya, to wataƙila ƙashin ya tsage, sai asibiti. Hoton ƙashi na yau da kullum kan kasa nuna irin wannan tsagar a makonnin farko, hoton MRI, mai amfani da maganaɗisu wajen ɗauko cikin jiki, ya fi gano ta. Haka ma in ƙafar na yin sanyi ko tana mutuwa, kada ka jira.

In na farkon ne, dakatar da gudu mako biyu zuwa huɗu, wani ma har shida. Naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku a rana. Farasitamol zai rage zogin. Ibuprofen ma haka, amma ba ga mai olsa ko ciwon ƙoda ba. Kada dai ka haɗiyi ƙwaya don ka samu damar fita gudu. Tumbin kuwa, keke da iyo za su ci gaba da yi maka aikinsa.

Inda ake faɗuwa shi ne komawa. Ni kaina na taɓa hutawa kwana 10, ciwon ya lafa, na ɗauko nisan da na saba, kwana uku na koma gidan jiya. Ka bari sai ka yi tafiyar minti 30 da sauri ba ka ji komai ba, kwanaki a jere. Sannan ka fara da minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, yau ka yi gobe ka huta, a kan ciyawa ko turɓaya, da gajerun taku. Ƙarin nisa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako.

Ka ƙarfafa sharaɓa kuma: tsaya a bakin matakala, ɗaga diddige ka sauke a hankali, sau 15, zagaye uku. Ba ka ambaci takalmi ba, kifa shi ka duba ƙasansa. In ya cinye ta gefe guda, ko ya ci kilomita 500 zuwa 800, ya gama aikinsa.