Nauzo, Farraƙu da Sauran Tambayoyinku

Malam, a ƙauyenmu an hana yayata auren wanda take so, wai shi nauzo ne. Mene ne nauzo? Wata ɗaliba daga Gumel.

'Yata, kalmar tsohuwa ce, kuma tana da nauyi. A camfin Bahaushe maita a nono ake shanta, saboda haka wanda uwarsa mayya ce shi ake kira cikakken maye. Wanda kuwa ubansa ne kaɗai maye, shi ne nauzo: wai yana ganin kurwar mutum da abin da ke cikinsa, amma ba ya ci. To kin ga ko a ma'aunin masu camfin, saurayin yayarki ba shi da haƙorin cutar da kowa. Abin da danginku ke gudu shi ne sunan, kada gobe a ce jikokinsu sun haɗa jini da gidan mayu.

Nan ne raina yake ɓaci. Kalmar maye ba ta fita daga gida idan ta shiga. Yaro ya yi zazzaɓi da damina, ya fara sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa maƙwabciya, shi ke nan an ce ta kama shi. A taru a sa ta tsallake shi, wani lokaci har da tuɓe ta a bainar jama'a, ko a aika a kira Sarkin Mayu. Sambatun nan kuwa zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana kawo shi. Yaron zai warke ko ya rasu, amma 'ya'yan tsohuwar da jikokinta sun rasa masu neman aure har shekara arba'in. Na san gidan da 'yan matansa uku sai a wata ƙasa mai nisa suka sami miji, inda ba a san labarin kakarsu ba. Kowa ya haddace "in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba", ana kawo shi kan duk wanda aka zalunta. Uwar da aka yi wa 'ya'yanta ƙazafi ita ma ba ta mantawa. Dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuffuka na Arewacin Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa zargin mutum da maita cikin laifuffuka, sai dai mutanen karkara kaɗan ne suka san haka.

Masu rubutu kuma ku lura: maye mai kama kurwa, da mayen wanda ya bugu, da maye gurbi, rubutunsu ɗaya amma karin sautinsu daban. Ina jin masu karanta labarai suna cakuɗa su.

Me ake nufi da an yi wa mutum kurciya?

Asirin da ake cewa yana fitar da mutum daga garinsu ya shiga duniya, ya kasa dawowa. Sau da yawa a kan saurayin da ake son nisanta shi da yarinya ake ambatarsa.

Malam, farraƙu Hausa ce ko aro? Mai karatu daga Maraɗi.

Aro ce daga Larabci, daga farraƙa, wato raba. Asalinta yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 102, inda aka ambaci sihirin da ake raba miji da matarsa da shi. Bahaushe ya ɗauke ta ya ba asirin raba masoya wannan suna. Kishiyarta ita ce mallaka, inda ake cewa an kame zuciyar mutum sai yadda aka juya shi. Abin da na lura da shi, ɗana, shi ne iyaye sun fi saurin cewa "an mallake shi" a kan su ce "yana sonta". Yaro ya dage kan 'yar mahauta ko 'yar masu kiɗa, sai a tafi neman makari, alhali tun kaka da kakanni an ce so gamon jini ne.

Boka da mai magani abu ɗaya ne?

A'a, kuma na gaji da gyara wannan. A da boka shi ne masanin saiwa da sassaƙe da ganye, wanda wani lokaci yake haɗawa da iskoki. Yau sunan ya ɓaci har ya koma na mai tsafi kawai, shi ya sa masu sana'ar suka gwammace a ce musu masu maganin gargajiya. Ɗan bori daban yake: an yi masa girka, iska tana hawansa, shi ne dokinta, in mace ce godiya, kuma ana kirawo iskoki irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna da kiɗan garaya ko goge. Malamin tsibbu allo da tawada ne kayan aikinsa, rubutun sha da laya. Maɗori kuwa ƙashi yake ɗorawa, wanzami ya yi ƙaho ya cire belu, ungozoma ta yanke cibi. Wanda ya tattara waɗannan duka ya ce bokaye, ya zalunci maɗori da ungozoma.

"Tsafi gaskiyar mai shi", yarda ce da tsafi?

Ko kusa. Nufinsa kowa da abin da ya dogara da shi, wanda bai yi imani da abu ba ba ruwansa da shi.

"Son maso wani", ina ƙarshensa?

Ƙoshin wahala. Ba "ƙarshen wahala" ba, kamar yadda nake gani samari suna rubutawa a Facebook.