Amsa kan ruwan kalk da kayan ƙaramin tankin murjani

(Muryar da Yaya ya turo jiya da daddare ce, na rubuta ta saboda waɗanda suka ce datarsu ba za ta ɗauki minti 11 ba.)

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanena na ji saƙonka tun la'asar, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba, kuma abin ya fi ƙarfin taifin gaskiya, gara in yi murya. In na fahimce ka daidai, tankinka na ruwan gishiri lita 60 ne, wata huɗu da kafa shi, akwai kifin kilawun guda biyu, da murjani masu laushi irin su mashrum da 'yan zowa, sai murjani mai ƙashi guda ɗaya da aka ba ka kyauta. Ka ga Turawa a YouTube suna ta zancen kalkwasa, kana so ka zuba shi cikin jarkar ruwan ciko, wato ruwan da ake mayar da wanda ya bi iska, injin ciko ya riƙa tura maka da kansa, sannan kana tambaya da kuɗin da ke hannunka sikima, injin da ke cire datti daga ruwa ta hanyar kumfa, za ka saya ko famfon dozin mai tura magani da awo. Toh.

Kafin komai dan Allah, tunda na ga wani a sama ya ce ai ruwan lemun tsami ne, a'a Malam, ba shi ba ne, sunan ne kawai ya zo ɗaya a Turanci. Ka matsa lemun tsami a tankin nan ka gama da shi. Kalkwasa kalmar Jamusanci ce, ma'anarta ruwan farar ƙasa, a taƙaice kalk, garin kalsiyam haidroksaid ne ake jiƙawa a ruwa mai tsabta, ya kwanta, a ɗebi garau ɗin sama. Tun wajen shekarun 1970 masu kiwon murjani a Turai suke amfani da shi, Peter Wilkens ne aka fi danganta yaɗa shi da shi, kaga ba sabon abu ba ne, ya girmi yawancinmu a gidan nan. Kuma ba kanwa ba ce. Kanwa za ta ɗaga maka alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na danne tsami, amma ba za ta ba ka kalsiyam ɗin da kake nema ba, ga ƙasa ga datti. Akwai ma wanda ya taɓa ce min ai farin taɓon nan da masu walda da kabaid ke zubarwa bayan shago shi ne, eh a kimiyyance kusan shi ne ɗin, amma da wane irin datti? Haka farar ƙasar magina. Ka nemi wanda aka yi don tanki, Seachem suna yi, Brightwell suna yi, ko mai darajar abinci. Gwangwani ɗaya a tanki irin naka sai ka gaji da ganinsa.

Abin da ya sa ake son shi, murjani mai ƙashi yana gina ƙashinsa ne da kalsiyam da kabonet, yana zuƙarsu daga ruwa tare, duk dKH 1 da ya sauka a ma'aunin alkaliniti, kalsiyam wajen ppm 7, wato miligiram 7 a duk lita, ne ya tafi da shi. Shi kuma kalk yana mayar da su biyun a daidai wannan ma'aunin, ga shi yana ɗaga pH, ma'aunin nan da ke hawa in tsamin ruwa ya ragu, ga araha. Matsalar ita ce ƙarfinsa. pH ɗinsa ya haura 12, tankinka kuma yana zaune ne tsakanin 7.8 da 8.4. Lita ɗaya ta cikakken haɗi tana ɗauke da kalsiyam wajen miligiram 800, alkaliniti kuma in ka auna shi a cikin jarkar zai kai wajen dKH 114.

Yanzu mu yi lissafin naka, ka ɗauko biro. Ka ce lita 60, amma ka cire duwatsu da yashi, ruwan gaske bai wuce lita 50 ba. Ka raba 114 gida 50, kaga lita ɗaya ta kalk za ta ƙara maka dKH 2 da 'yan kai, wajen 2.3, a rana ɗaya. To nawa tankinka ke shanyewa? Kai a Kano kake. Da damina ƙila rabin lita a rana, amma hunturu ya shigo iska ta bushe ƙamas, ko a zafin Maris da Afrilu ka kunna fanka a kan ruwan don ya huce, sai ka ga lita ɗaya da rabi har biyu ta tafi. Shi injin ciko bai san murjani ba, bai san abin da suka ci ba, matakin ruwa kaɗai ya sani. Ruwa ya sauka ya tura. Kenan iskar gari ce za ta riƙa yanke maka yawan maganin da za ka ba tankinka, yau kaɗan, gobe ninki uku, alhali murjanin naka guda ɗaya ne tal mai cin abin, cinsa na jiya shi ne na yau. Mutumin da ka gani a bidiyo ɗakinsa da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, tankinsa lita 400 cike da SPS, murjani masu ƙashi masu yawan cin kalsiyam, abin da yake shanyewa kusan ɗaya ne kullum. Ba hanyarku ɗaya ba.

Ni na yi wannan ganganci, shi ya sa ka ji ina ɗaga murya. Shekarar da na fara, tankina lita 80, na cika jarka da kalk na haɗa da wani injin ciko mai araha mai 'yar ƙwallon nan da ke yawo a kan ruwa. Sati uku lafiya lau, har ina yi wa mutane burga. Ashe ɓawon farin nan yana taruwa a sandar 'yar ƙwallon a hankali. Ranar wata Juma'a na tafi masallaci, daga can na biya ɗaurin aure, na dawo bayan la'asar, ina buɗe ƙofar falo na tarar da tankin fari fat kamar an dama fura da nono a ciki, ko dutse ba ka hange. Ƙwallon ta maƙale a ƙasa, injin ya juye jarkar kaf, har ruwa ya zubo kan kafet. Kifayen suna sama suna haki, wani katantanwa ya faɗo ya kife. Gilashin kuwa ka shafa shi da yatsa sai ka ji kaushi-kaushi kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa. Madam ta leƙo ta ce dama ai na faɗa maka kifin tarwaɗa ya fi rufin asiri. Na rasa murjani biyu da jatan landena ɗaya, famfona kuma sai da na jiƙa shi a khal kwana guda kafin ya sake juyawa.

Tunda na kawo zancen, in hakan ta taɓa samun wani, farin nan shi kansa ba shi ne mai kisa ba, alli ne kawai, zai kwanta cikin kwana biyu zuwa uku. pH ɗin ne abin tsoro. Kashe injin, auna pH, in ya wuce 8.6 ka sa farin khal mil 1 a duk lita 4 na ruwan tanki a inda ruwa ke gudu, wannan zai sauke shi da wajen 0.3, ka jira ka sake aunawa kafin ka ƙara. Kar ka auna kalsiyam da alkaliniti a lokacin, lambar ƙarya za ta ba ka saboda garin da ke yawo.

To me za ka yi? Ka fara sanin cin tankinka. Ka samu kit na auna alkaliniti, Salifert ya isa, in aljihu ya yarda Hanna mai nuna lamba ya fi sauƙin karantawa musamman ga mu da ido ya fara gajiya. Ka auna gobe bayan magariba, kar ka canza ruwa, kar ka zuba komai, bayan kwana uku ka sake aunawa a daidai wannan lokacin. A ce ka samu 8.5 sannan 7.6, bambanci 0.9, raba uku, 0.3 kenan a rana. Mil 100 na kalk a ruwanka yana ba da wajen 0.23, kaga abin da kake buƙata mil 130 ne kacal. Ko rabin kofin shayin mai shayi bai cika ba. Kwatanta shi da lita biyun da injin zai tura maka da hunturu.

Kuma ina kyautata zaton ma in ka auna za ka ga abin bai motsa sosai ba, don mashrum da zowa ba su da ƙashi, ba ruwansu da kalsiyam ɗinka. In haka ne ka bar kalk tukuna, canjin ruwa lita 5 zuwa 6 duk sati da gishirin murjani mai kyau ya wadatar, shi zai mayar da komai har da magniziyam, wanda shi kalk ba ya bayarwa ko kaɗan. Ka riƙe alkaliniti tsakanin 8 da 9, kalsiyam 400 zuwa 450, magniziyam wajen 1300, gishiri 1.025 ko 1.026. Lambar da ta zauna wuri ɗaya ta fi min lamba mai kyau da ke tsalle-tsalle.

Ranar da cin ya ƙaru har canjin ruwa ya kasa, ga yadda nake haɗa nawa. Jarkar roba lita 4 mai murfi, ruwan RO, wato wanda na'urar tacewa ta cire masa ma'adanai da datti, cokalin shayi 2 a shafe ba a tsiri ba, girgiza sau ɗaya, rufe, ka bar shi ya kwana. Da safe za ka ga farin laka a gindi, wani siririn ɓawo kamar na ƙanƙara a sama, na tsakiyan nan garau shi ne naka. Kar ka yi ta buɗewa kana girgizawa, iska ce ke kashe masa ƙarfi. Ƙara gari ba ya ƙara ƙarfi, ruwan ya riga ya ƙoshi, sauran kwanciya zai yi. Zubawa kuwa, ka je kemis ka sayi robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, sabuwa, ɗigo 20 nata mil 1 ne. Ka ɗebi mil 130 ɗin kawai a 'yar gora, ka rataye sama da tankin, ka murɗa 'yar tayar nan har ya zama ɗigo ɗaya duk daƙiƙa 8, cikin awa shida ya ƙare. Da daddare bayan fitila ta mutu, don lokacin ne pH ke sauka. Bakin robar ya tsaya sama da ruwa, kusa da famfon igiya mai kaɗa ruwa, ba kan murjani ba. Amfanin wannan, ko tayar ta kwance gaba ɗaya abin da ke cikin gorar ne kawai zai shiga, ba jarka guda ba. Duk sati ka wanke robar da khal don tana toshewa. Ita kuma jarkar ciko ka bar ta da ruwan RO zalla.

Wani abu dan Allah, mai yara a gida ya rubuta a jikin jarkar ya ɗora ta sama. Garau ɗin nan ba ka bambanta shi da ruwan sha, kuma yana ƙona baki da ido. Garin ma kar ka shaƙa, kar ka haɗa shi a gaban fanka.

Sai maganar kaya. Sikima ko famfon dozin ka ce? A wurina babu ko ɗaya tukuna. Kifi biyu a lita 60 da canjin ruwa duk sati ba sa buƙatar sikima, ƙananan nan ma yawancinsu ƙara ce da kumfa kawai. Famfon dozin irin su Kamoer abu ne mai kyau, ni ma shi nake amfani da shi yanzu, amma ai sai ka san mil nawa za ka ce masa ya tura. Tambayar da zan maka ita ce, in an ɗauke wuta ƙarfe 1 na dare me ke juya ruwanka? Tankin ruwan gishiri in ya tsaya cik cikin zafi, iskar shaƙa ce ke fara ƙarewa, 'yan awanni ne kifi ya fara haki. Fitila ta mutu kwana biyu murjani zai jure, ruwa ya tsaya ba zai jure ba. Don haka kuɗin farko ya tafi kan famfon igiya mai aiki da DC da za ka jona wa batir ko inbata, wanda zai juya ruwan tankin wajen sau 20 a awa, lita 1200 kenan, da ɗan injin iska mai batir na ko-ta-kwana a durowa.

Na biyu zafi. Murjani yana son 25 zuwa 26, ya fara haura 29 zuwa 30 sai ka ga yana yin fari. Fankar nan mai maƙalewa a bakin tanki tana sauke digiri 2 zuwa 3 in iska a bushe take, injin sanyaya ruwa ya fi amma yana shan wuta yana shan kuɗi. Hita ƙarama mai wat 50 saboda asubahin Disamba da Janairu. Na uku ruwa, ban san da me kake ciko ba amma in fiyawota ne ko na burtsatse ka daina, ka samu matatar ruwa ta RO da DI da 'yar mitar TDS mai auna abin da ya narke a ruwa, ta nuna 0 ko kusa. Sai rifraktomita na auna gishiri, ka jefar da robar auna gishirin nan mai allura. Injin ciko shi ma yana da amfani sosai a ƙaramin tanki, don gishiri ba ya bin iska, ruwa ne ke tafiya ya bar shi, amma ka nemi mai ido biyu na gane matakin ruwa ko mai yanke kansa in ya daɗe yana turawa, kuma jarkarsa kar ta wuce lita 4 zuwa 5.

Fitilarka da na gani a hoto ta isa abin da kake da shi, kar wani ya ruɗe ka. Shi murjanin kyautar nan dai ka ɗan sauko da shi ƙasa kaɗan, na ga gefensa ya fara koɗewa.

Ka auna gobe bayan magariba, ka sake ranar Alhamis, ka turo min lambobin biyu nan cikin gida kowa ya gani, mu yi lissafin tare. Ka haɗo da na zafin ruwan da ƙarfe 3 na rana. Bari in tashi, ga wuta nan an kawo, zan haɗa ruwan canji kafin a sake ɗaukewa. Sai da safenku.