Filin Tambaya da Amsa: Shin gwagwarmayar lumana hanyar matsorata ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai nazarin kimiyyar siyasa, kuma muna yawan muhawara da abokaina a kan neman sauyi ba tare da ɗaukar makami ba. Wasunsu na cewa hanyar matsorata ce, domin azzalumi ba ya jin magana sai ya ga ƙarfi. Wasu kuma na cewa aƙidar Hindu da Kirista ce, ba ta dace da Musulmi ba. Ina gaskiyar lamarin take, kuma tana kai mutane ga nasara kuwa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka sun haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka, wato naɗe hannu a zura wa zalunci ido, da kuma tunkarar zalunci ba da makami ba. Na farko miƙa wuya ne, na biyu kuwa faɗa ne sosai, mai dabaru da jagorori da asarar rayuka. Akwai masu riƙe da wannan hanya a matsayin aƙida, kamar Mahatma Gandhi, wanda yake ganin cewa ba a isa ga manufa mai tsabta ta hanyar zub da jini, akwai kuma masu ɗaukarta saboda sun auna sun ga ta fi musu amfani. Dukansu sun dogara ne a kan fahimta guda, cewa mai mulki, komai ƙarfinsa, ba shi yake karɓar haraji da hannunsa ba, ba shi yake tuƙa jirgin ƙasa ko tsaron kurkuku ba. Mulkinsa yana tafiya ne da biyayyar dubban mutane, kuma ranar da suka janye wannan biyayya ta hanyar yajin aiki, ƙaurace wa kaya, zaman dirshan ko bijire wa doka a fili, ranar ce ake ganin cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Dubi abin da ya faru a Indiya a 1930. Turawan Ingila sun haramta wa Indiyawa haɗa gishiri da kansu, suka kuma ɗora masa haraji. Ranar 12 ga Maris Gandhi ya tashi daga Ahmedabad da mutum 78, suka taka kusan kilomita 390 zuwa garin Dandi a bakin teku, inda ya ɗebi gishiri ranar 6 ga Afrilu. Hikimar zaɓen gishiri ita ce babu gidan da ba a amfani da shi, don haka talaka da mai kuɗi, Musulmi da Hindu, kowa ya gane ma'anar abin. Gwamnati ta rasa tudun dafawa: in ta ƙyale, doka ta zube, in ta kama, duniya ta ga ana ɗaure mutane saboda gishiri. Ta zaɓi kamu, aka tsare mutum wajen 60,000.

Batun Musulunci kuma, ina so ku san sunan Khan Abdul Ghaffar Khan, domin ba kasafai ake ambatonsa a wajenmu ba alhali ya cancanta. Musulmi ne daga ƙabilar Fashtun ta arewa maso yammacin Indiya ta wancan zamani, yankin da ke cikin Pakistan a yau, mutanen da aka sani da riƙon bindiga da ɗaukar fansa, waɗanda Turawa suka sha wuya a hannunsu a fagen yaƙi. A 1929 ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar, masu jajayen riguna, wadda duk mai shiga sai ya yi rantsuwa cewa ya bar ramuwa da tashin hankali, kuma zai riƙa yi wa jama'a hidima. Hujjarsa ba daga Gandhi ya aro ta ba, ko da yake sun zama aminai. Ya kafa ta ne da haƙuri da juriyar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa suka nuna a shekarun Makka. Ranar 23 ga Afrilu, 1930, bayan an kama shi, sojoji suka buɗe wuta a kan taron jama'a a kasuwar Qissa Khwani da ke Peshawar, aka kashe mutane da dama, amma taron bai watse da gudu ba kuma bai rama ba. A cikin wannan lamari ne wasu sojojin rundunar Garhwal, Indiyawa da ke aiki ƙarƙashin Turawa, suka ƙi bin umarnin yin harbi, aka gurfanar da su gaban kotun soja. Wanda ya tsaya gaban bindiga ƙirji a buɗe, yana da ikon ramawa amma ya haɗiye, ba na jin akwai mai adalcin da zai kira shi matsoraci. Kuma ka lura da waɗannan sojoji da suka ƙi harbi, domin da mutanen sun zo da makamai, da sojan bai yi wata-wata ba wajen kare kansa.

Abin da aka fi mantawa shi ne tsari. A birnin Montgomery na Amurka, bayan kama Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba farar fata, ranar 1 ga Disamba, 1955, baƙar fata sun ƙaurace wa motocin bas na kwana 381 a ƙarƙashin jagorancin Martin Luther King. Ba fushi kaɗai ya riƙe su ba: sun tara kuɗi a majami'u, sun shirya motocin da za su riƙa kai mutane wurin aiki, sun kuma shigar da ƙara har kotun ƙoli ta haramta wariya a bas. Ladabtar da kai ma sharaɗi ne. A 1922, da masu zanga-zanga suka ƙona ofishin 'yan sanda a Chauri Chaura ta Indiya suka kashe 'yan sanda 22, Gandhi ya dakatar da gwagwarmayar baki ɗaya duk da ɓacin ran abokan tafiyarsa. A ganina nan ne zanga-zanga da yawa a biranenmu ke faɗuwa, domin da zarar ɓata-gari sun fasa shago ɗaya, hukuma ta samu hujjar da take nema, iyaye kuma su janye 'ya'yansu.

Game da nasara, masu bincike biyu 'yan Amurka, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun nazarci gwagwarmaya 323 tsakanin 1900 da 2006, suka gano cewa na lumana sun yi nasara da kusan kashi 53 cikin ɗari, na makami kuwa kashi 26. Dalilin da suka bayar shi ne yawan mahalarta, saboda tsoho da mace da ɗan kasuwa duk suna iya shiga yajin aiki, alhali daji sai matasa majiya ƙarfi.

Duk da haka abokanka suna da abin faɗa, kuma bai kamata ka raina shi ba. A Sharpeville ta Afirka ta Kudu 'yan sanda sun kashe masu zanga-zanga 69 ranar 21 ga Maris, 1960, abin da ya sa Nelson Mandela da abokansa suka kafa reshen makamai na ƙungiyarsu ta ANC a 1961. A dandalin Tiananmen na Sin tankoki ne suka yi nasara a kan masu zanga-zanga a 1989. Sudan ma darasi ce mai ɗaci: zaman dirshan a gaban hedikwatar soja ya kawar da Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilu, 2019, amma aka yi wa masu zaman kisan gilla ranar 3 ga Yuni, sojoji suka sake ƙwace mulki a Oktoban 2021. Kawar da shugaba ya fi gina sabon tsari sauƙi, kuma farar hular Sudan ba su samu damar raba masu bindiga da mulki ba. Sai dai ka tuna wa abokanka cewa yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, tsakanin rundunoni biyu ne masu ɗauke da makamai, kuma matasan unguwanni da suka shirya zanga-zangar 2019 su ne suka koma buɗe wuraren dafa abinci da kula da marasa lafiya a Khartoum.