Kafin ka biya kuɗi don a taimaka maka a gem

Tambaya: Na maƙale a GTA San Andreas, wurin da ake bin jirgin ƙasa a kan babur. Wani mai shagon gem ya ce in kawo naira 2,000 ya tura mini bidiyon yadda ake wucewa da lambobin magudi. In biya? (Matashi daga Tudun Wada)

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Wasan nan tun 2004 ya fito, babu lungun da ba a yi bayaninsa kyauta ba. Bayanan da ke shafin GameFAQs galibi rubutu ne, ba sa shan data sosai. In kuma bidiyo kake so, nemi sunan matakin kaɗai a YouTube, Wrong Side of the Tracks, ka sauke ingancin zuwa 360p. Kada ka kalli wasan gaba ɗaya, labarin zai zube maka tun ba ka kai ba.

Abin da ke kayar da mutane a wurin shi ne manne wa jirgin. Idan ka matse shi, harsashin Big Smoke, abokinka mai harbi da ka goya a babur, jikin tarago yake samu, ba abokan gaban da ke saman jirgin ba. Ja babur ɗin can gefen dama, ka bar tazara, ka daidaita gudunka da taragon da suke kai.

Lambobin magudi kuwa, ga inda ake kuka: wasu suna liƙewa idan ka adana wasa da su. Wadda ke sa jama'ar gari tarzoma ta sha hana mutane wuce matakin Madd Dogg a na'urar gem ta PS2. Ware gurbin adanawa ɗaya mai tsabta, ka yi wasanka da lambobin a wani daban.

Tambaya: Ɗana ya ce akwai mai manhajar da ke ƙara daimon, wato kuɗin cikin wasa, a gem ɗin Free Fire da araha, amma sai an ba shi lambar sirrin Facebook. (Uwa daga Kawo)

Amsa: Hajiya, kada ki yarda. Lissafin daimon a kwamfutocin kamfanin Garena mai wasan yake, ba a cikin waya ba, don haka babu manhajar da za ta ƙara shi. Ko dai a sace asusun yaron, ko kamfanin ya rufe shi saboda magudi. In za a saya, a saya daga cikin wasan. Idan yaron ya riga ya bayar da lambar, a canza ta yau, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Facebook ɗin.