Dogon hutu ga masu karatun gida: tsawonsa da abin da ya kamata a saya

Tambaya: Ni nake koyar da 'ya'yana uku a gida, babban shekararsa 11, autar kuma 5. Wallahi na gaji tiɓis, su ma haka. Ina so mu rufe littafi wata uku cur, amma maigida ya ce za su manta komai. Wa ke da gaskiya? (Maman yara uku)

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Tsoron maigida ba na banza ba ne. A 1996 wani masani a Amurka, Harris Cooper, da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi kan dogon hutu, suka ga ɗalibi kan dawo da giɓin karatun kusan wata guda. Masana na baya sun yi ta gardama kan girman giɓin, amma abin da na fi riƙewa a aikin shi ne cewa lissafi ya fi karatu saurin zubewa. Dalilin a fili yake. Yaro yana cin karo da rubutu ko'ina, a jikin kwali, a allon talla, amma ba wanda zai tare shi a hanya ya ce ya raba 84 gida 7.

Sai dai ke ma kina da hujja, don malamar da ta gaji faɗa take koyarwa. Ku zauna ku yi lissafi tare. Shekara mako 52 ce. Idan kun yi karatu mako 36, kwana biyar-biyar, kun sami kwana 180, kwatankwacin shekarar karatu a yawancin makarantun Amurka. Saura mako 16 a hannunku, kuma ba dole sai an cinye su a zama ɗaya ba. Da ni ce, mako shida zan ɗauka yanzu, kamar yadda makarantun Ingila ke yi, ragowar in yayyafa su cikin shekara: mako shida ana karatu, na bakwai a huta, abin da ya rage kuma a ajiye shi don lokacin buƙata.

Mako biyun farko kada ki taɓa komai. Ki bar su su yi ta cewa "Mama, ba abin yi", ki yi kunnen uwar shegu, za ki sha mamakin abin da za su ƙirƙiro da kwali da igiya. Daga mako na uku, babban da mai bi masa su riƙa lissafi na minti 15, sau uku a mako, a kan abin da suka riga suka iya. Tun 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa bita kaɗan-kaɗan da tazara a tsakani ta fi bitar da aka dunƙule wuri guda zama a kai. Autar kuwa, a karanta mata labari kafin barci, shi ke nan. Idan dokar ƙasarku ta ƙayyade kwanakin karatun gida, ki duba ta kafin ki yanka kalanda.

Tambaya: Ina tunanin sayo wa yarana ƙaramar kwamfutar hannu mai manhajar koyo ta biyan wata-wata, don hutun kada ya tafi a banza. Ko littattafan aikin hutu sun fi? (Wani magidanci)

Amsa: Malam, idan don hutu kaɗai za ka saya, riƙe kuɗinka. Manhajar ba ta da laifi, amma da ka juya baya ɗan yatsa ɗaya ya isa a koma bidiyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a gaban allon waya, kwamfuta ko talabijin a yini, 'yan 5 zuwa 17 kuma su sami motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. Ƙwallo ko keke zai fi kai ka can. In ka nace, fara da gwajin kyauta, ka kuma kashe sabunta biyan kuɗi da manhajar ke yi da kanta tun ranar farko.

Littafin aiki kuma, ɗauki siriri, na ajin da yaron ya gama. Na taɓa sayen wani katafare, har yau yana nan a kan kanta: shafi tara na farko cike da rubutun fensir, sauran fari fat.

Tambaya: Ana rangwame a kan littattafan shekara mai zuwa. In kwashi saitin gaba ɗaya yanzu? (Wata uwa)

Amsa: A'a, 'yar'uwa, rangwame ba ya ƙarewa. Nemi shafukan gwaji da masu wallafa kan sa a intanet, ki ba yaron ya gwada a makon ƙarshe na hutu, sannan ki sayi na lissafi da na harshe tukuna. Idan na hannu za ki saya, ki tabbatar littafin ɗalibi da na amsoshi bugu ɗaya ne, don lambobin shafi kan sauya daga bugu zuwa bugu.