Mace ɗaya, matsaloli huɗu: ta wace ƙofa za a fara?

Tambaya: Wata mata da ta gudo daga ƙauyensu a ƙaramar hukumar Zurmi tana zaune a kango kusa da gidanmu a Gusau. 'Yan bindiga sun kashe mijinta, autanta na fama da tamowa, manyan biyu ba sa zuwa makaranta, ita kuma kullum a firgice take, ba ta barci. Duk ofishin da muka je sai a tura mu wani. Ina za mu fara?

Amsa: Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri. Kowane ofishi matsala ɗaya aka kafa shi ya magance, ita kuwa wannan baiwar Allah huɗu ta ɗauko a lokaci guda. Shi ya sa ake ta yi muku je-ka-ka-dawo. Abin da ta fi buƙata shi ne mutum ɗaya da zai riƙe lamarinta daga farko har ƙarshe, kuma ga alama ke ce.

Ki sayi ƙaramin littafi. Duk inda kuka je ki rubuta ranar, wanda kuka gani, da abin da ya ce. Amfaninsa ya wuce tunatarwa: macen da aka kashe mijinta bai kamata a sa ta maimaita labarin a gaban kowane tebur ba, domin kowace maimaitawa fama mata ciwo ne. Ki nemi izininta kafin ki nuna wa kowa.

Yaron shi ne farko, gobe ma in da hali. A asibitin matakin farko za a auna kaurin damtsensa, idan bai kai santimita 11.5 ba tamowar ta yi tsanani. A nan ɗin ki faɗi maganar rashin barcinta, kada ki bari sai an tambaya.

Sai lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda rajistarta kyauta ce, domin tallafin gwamnati da yawa a kanta yake maƙalewa. Takardar shaida daga mai unguwa za ta sauƙaƙa muku zuwa Hukumar Zakka da Waƙafi da kuma hukumar agajin gaggawa ta jiha. Makaranta kuwa haƙƙin yaran ne, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa shekaru 9 na farko kyauta kuma dole.

Ni dai na fi ba kwamitin ci gaban mazaɓa muhimmanci, domin a can ma'aikacin lafiya da malami da wakilin masu unguwanni ke zama wuri guda. Ki tambayi ranar zamansu a asibitin mazaɓarku, ki kai musu littafin, ki nemi kowa ya faɗi abin da zai yi da ranar da zai yi shi.