Amsa ga mai filin ƙwallon kwandon da ya tsattsage

Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya mayar maka da alheri. Ka ce ka zuba wa yara filin ƙwallon kwando mai mita 10 a mita 8 a bayan gida, damina ɗaya kacal ya tsattsage, gefe guda ya ɗago, kuma birkila ya ce a ƙara inci biyu na kankare a kai shi ke nan. Ciwon nan na san shi. Don girman Allah kada ka yarda da wannan shawarar, duk tsagar da ke ƙasa sai ta sake fitowa a sama, a daidai inda take.

Matsalar daga lakar da ke ƙarƙashin filin take. Laka idan ta sha ruwan Yuli da Agusta kumbura take yi, idan hunturu da zafin bazara suka bi ta kanta sai ta tsuke ta dare. Kankare kuwa ba ya lanƙwasa. Gefen fili ya fi tsakiya shan ruwa, ya fi saurin bushewa, shi ya sa naka ya ɗago ta gefe.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu karɓar aikin nan sun san haka sarai. Mutum zai zo ya share ciyawa, ya watsa jar ƙasa tifa ɗaya, ya sa lebura ya bubbuga ta da guntun bulo, ya ce maka an daɓe. Wayar raga a shimfiɗe ta a ƙasa, ana takawa ana zuba kankare, ta kwanta can ƙarƙashi inda ba ta tsinana komai. Su tsuga ruwa a kwaɓi don ya yi musu sauƙin ja da shebur. Ranar da aka gama, fili sumul, ka biya har da tukwici. Sai Agusta ta zo, ka fito da safe ka tarar ruwa ya kwanta a tsakiya, tsaga ta ratsa daga katanga zuwa katanga, yaro ya buga ƙwallo kana jin ƙarar rami a ƙarƙashi. Ka kira shi, ya ce ai ƙasarka ce ba ta da kyau. Da yana karɓar kuɗi bai ga ƙasar ba?

A fasa shi kawai. Ɓaraguzan kada a zubar, a farfasa su ƙanana su shiga ciko. A haƙe laka aƙalla santimita 30 zuwa 45, har a wuce iyakar filin da rabin mita ta kowane gefe. Amma ka fara tambayar tsofaffin unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, domin Kano akwai su da yawa. Idan haka ne, sai injiniya ya gwada ƙasar kafin ka sayi ko buhu ɗaya.

Cikon jar ƙasa a yi shi hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa a bi shi da injin daɓe. Ka damƙi ƙasar a hannu: ta dunƙule ba tare da ta jiƙa maka tafi ba, to ruwanta ya yi. A kai a zuba tsakuwa santimita 10 zuwa 15, ita ma a daɓe, sai yashi kaɗan, sai leda mai kauri.

Ina indararon gidanka yake zuba? Wannan ne ma ya kamata in fara tambaya. Idan ruwan rufi ko na wanki yana sauka kusa da filin, ko sokawe na nan gefe, duk aikin banza ne. A ja shi da bututu zuwa kwata. Filin kansa a karkata shi santimita 1 a kowace mita, ya bar jikin gida, a yi masa magudana a gefen da ruwan ke sauka. Darbejiya ko mangwaro da ke dab da wurin kuma saiwarsu na zuƙe ruwan lakar gefe ɗaya da rani, ga ɗaga kankare. Inuwar na da daɗi, amma ka nisanta filin da su.

Kaurin kankare inci biyar nake ba da shawara a kan laka. Buhun siminti ɗaya, kwanon lebura huɗu na yashin kogi mai kaushi, kwano takwas na tsakuwa. A girman filinka wajen buhu 60 zuwa 65 ke nan, duk wanda ya ce maka 35 sun isa ka san inda ya dosa. Waya a ɗora ta kan ƙananan tubalan siminti ta zauna a tsakiyar kauri. Tsakanin fili da katanga ko bangon ɗaki a sa soso ko katako siriri, kada su manne. Kafin kwana ɗaya ya cika a yanka layuka duk bayan mita 3, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, don tsaga ta bi nan. Ƙarfen kwandon a yi masa ramin kansa daban, zurfin kamar mita ɗaya, bakin zoben ya tsaya mita 3.05 daga daɓe.

Kada ka zuba a Afrilu. Lokacin laka ta gama tsukewa, ruwan farko zai tura ta sama. Bayan ɗaukewar damina, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ya fi. Iskar hunturu na busar da fuskar kankare da wuri, saboda haka a zuba da sassafe ko da yamma, a lulluɓe da buhuna jiƙaƙƙu, a yi ta ba shi ruwa kwana 7. Fenti sai bayan kwana 28. Kuma ranar daɓe da ranar zubi ka ɗauki hutu ka tsaya a kansu da kanka, kana ƙirga buhunan da ake buɗewa.